Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kulob ɗinmu: kafin ku sallami koci, ku zauna mu yi lissafi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Ciyaman, tare da sauran iyayenmu da yayyenmu 'yan kwamitin gudanarwa, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya haƙuri da jama'a. Allah Ya taya ku riƙo. Ni mai gidan kallon ƙwallo ne a Tudun Wada, amma ba da bakina ni kaɗai nake wannan magana ba, na rubuta ne a madadin magoya bayan da kuke gani a fili duk ranar wasa, 'yan Tudun Wada da Sabon Gari da Muciya da Cikaji, da 'yan cikin gari daga Ƙofar Doka har Kwarbai, da ɗaliban Samaru da Kongo da suke matse kuɗin abincinsu su sayi tikiti, da dattawan nan masu zama gefen inuwa da rediyo a kunne. Mun zauna mun yi shawara aka ce ni in rubuta, to ga shi na rubuta, in akwai inda harshe ya yi kaifi ku yi mana afuwa, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Labari ya karaɗe gari cewa za ku zauna ku sallami koci, wasu ma na cewa an riga an gama magana takarda kawai ta rage, kuma wai ba za a kira shi kora ba, za a ce ya ɗan koma gefe a yi bincike, irin komawa gefen nan da ba a taɓa ganin wanda ya dawo daga ita ba. Ba mu zo mu ce muku kakar nan ta yi kyau ba. Wallahi ba ta yi ba. Mun fara da maganar hawa Firimiyar Najeriya muka ƙare muna lissafin maki nawa za su hana mu faɗawa, kuma mu ne muka sha zagi da dariya a majalisa, 'yan Kano da 'yan Katsina da ke kasuwanci a nan ba su bar mu mun sha ruwa ba. Don haka babu wanda zai koya mana jin ciwo. Abin da muke cewa shi ne kar a bar jaki a koma dukan taiki. Akwai abubuwan da suka faru a kakar nan waɗanda ba koci ya yi su ba, kuma in aka sallame shi aka bar su yadda suke, to baɗi warhaka wani kocin za ku zauna sallama.

Mu fara da albashi tunda shi ne uwa uba. Kun sani mun sani yaran nan sun yi watanni ba su ga albashinsu ba, bonas ɗin wasannin da suka ci tun zagayen farko har yau ana ce musu ana kan hanya, kuɗin sa hannu kuwa wasu rabi aka ba su wasu ko sisi. Ni da idona na ga ɗaya daga cikin 'yan bayanmu, yaron da muke tafa wa ranar Lahadi, yana haya da babur ɗin yayansa wajen Kwangila da daddare, ya ja hula ya rufe fuska don kar a gane shi. Da na tsayar da shi bai ce min komai ba sai cewa ya yi matarsa ta kusa haihuwa. Toh dan Allah Ranka ya daɗe, wanda ya kwana yana kabu-kabu ya wayi gari ya zo tirenin ƙarfe bakwai, wace dabara koci zai koya masa da za ta hana ƙafarsa mutuwa a minti na saba'in? Kuma ku duba da kyau, yawancin ƙwallayen da suka kashe mu bana a ƙarshen wasa aka ci mu su, mutane suna ta cewa koci bai iya riƙe wasa ba, mu kuwa da muke zuwa kallon tirenin mun san yunwa ce da gajiya da tunanin mai gidan haya.

Kuma wannan ba ciwon ƙananan kulob ba ne kaɗai balle a ce raini ne. Super Eagles da kansu, masu ɗaukar albashi da fam da yuro, a watan Nuwamban 2025 a Rabat sun ƙi fita tirenin saboda bashin alawus, saura kwana biyu su buga da Gabon. Sun ci Gabon ɗin, amma ƙarshenta Kwango ta fitar da mu a bugun fenariti muka rasa kofin duniya karo na biyu a jere. In wanda yake da gida a Turai zai ajiye takalmi saboda haƙƙinsa, me kuke tsammani daga yaron da ko kuɗin keke-napep zuwa fili sai ya ranta? Namu ma sun yi ƙoƙari da ba su yi yaji ba, kuma in kuna son gaskiya kocin nan da kuke shirin kora shi ne ya riƙa lallashinsu, shi ne mai sayen burodi da fiya wata daga aljihunsa bayan tirenin, alhali shi ma yana bin ku.

Sai maganar tafiya. Kowa ya san cin wasa a waje a gasar Najeriya abu ne mai wuya tun fil azal, ga alƙalan wasa ga 'yan kallon gida ga fili kamar gonar da aka yi wa huɗa, ko manyan kulob maki ɗaya suke nema su gudo. Amma mu namu ya wuce nan, mu tun kafin a hura usur an riga an ci mu a hanya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mun san kuɗin tafiya ya ninninka, ba mu ce laifinku ba ne, amma maganin da kuka samo shi ne a daina kwana, a taso da asuba ranar wasa ko a yi tafiyar dare don a tsira da kuɗin otal. Mutum ya zauna a tsohuwar bas daga Zariya har Gombe ko Yola gwiwa a lanƙwashe, ya sauka ya ɗaura takalmi ya shiga fili cikin rana. Akwai tafiyar da wasu daga cikinmu suka bi ku a baya da motar haya, suka tarar da bas ɗin ta mutu a hanya 'yan wasa suna turawa, gola da kyaftin da kowa, aka isa saura kaɗan alƙali ya ba masu gida maki uku a bagas. Aka ci mu, washegari a rediyo aka ce koci ya yi kuskuren tsari. Wane tsari? Tafiyar dare kuma ba gajiya kaɗai ba ce, akwai rai a ciki. Ba mu manta ba a 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyarsu ta zuwa Owerri suka raunata 'yan wasa, kuma hanyoyin yanzu ba su fi na lokacin aminci ba. 'Ya'yan mutane ne a cikin motar nan.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi ci mana rai, kuma shi ne ba a so a faɗa. Da aka je hutun rabin kaka kun sayar da mai ci mana ƙwallo da ɗan tsakiyar da yake raba wasa. Ba mu ƙi a sayar da ɗan wasa ba, kulob irin namu da haka yake rayuwa, kuma babu mai son ya tare wa yaro arzikinsa. Amma ina kuɗin? Ba a biya bashin albashi da su ba, ba a gyara bas ba, ba a sayo madadinsu ba. Waɗanda aka kawo aka yi wa rijista kuwa, Allah Ya gani koci bai nemo su ba, takarda ce ta zo daga sama, wannan ɗan wane ne, wancan yaron Honarabul ne, wancan kuma ejan ɗinsa abokin wani ɗan kwamiti ne. Har ta kai ana kiran koci a waya ana saura awa ɗaya wasa a ce masa lallai wane ya fara. In ya sa shi aka ci mu a ce koci bai iya zaɓe ba, in ya ƙi sa shi a ce ba ya jin magana. Mu da muke zaune bayan benci muna ganin lokacin da ake miƙo masa waya ana tsakiyar wasa, ba labari aka ba mu ba. In har kwamiti ne zai fitar da sha ɗayan farko, to adalci shi ne in an sha kashi kwamiti ya fito gaban 'yan jarida ya yi bayani, ba a turo koci ba.

Maganar jinya ba za mu ja ta ba don abin kunya ne. A garin da yake da asibitin koyarwa a Shika, mutane suna tahowa daga jihohi ana duba musu ƙashi, a ce ɗan wasanmu ya ji ciwo a gwiwa an kai shi wajen mai ɗori an shafa masa man zafi, ya dawo fili bai warke ba ya sake fama, kaka ta ƙare masa. Babu fiziyo na dindindin mai kula da raunin 'yan wasa, akwatin magani kuwa bandeji ne da ƙanƙara in an samu wuta.

Sannan wa'adin wasa uku. Wannan al'ada da ta zama ruwan dare a gasarmu, da an yi rashin nasara biyu sai a kira 'yan jarida a ce an ba koci wasa uku ya gyara ko ya kama gabansa, kun yi ta bana kuma tun ranar ƙungiyar ba ta sake zama daidai ba. Ku tambayi duk wanda ya taɓa buga ƙwallo ko a layi ne. Ranar da ɗan wasa ya ji an ce kocinsa saura wasa uku, daga ranar ya daina tsoronsa, wanda aka ajiye a benci ma addu'a yake a sha kashi don a kawo wani. Shi kuma kocin ya daina tunanin gina yara, ya daina gwada matasan da ya ɗauko daga gasar unguwanni, ya koma tara mutum a baya yana neman kar a ci shi kawai. Wasan da muka riƙa kallo a zagaye na biyu ke nan, dogon bugu da addu'a. Kun tsorata mutum sannan kuna tuhumarsa da wasan tsoro.

Yanzu kar ku ce mun zo kare shi ne ido rufe. Yana da nasa, kuma mun faɗa masa a gabansa. Yana jinkirin canji, sai wasa ya lalace kowa a fili yana ihu sannan zai juya ya kalli benci. Ƙwallon kona da firikik sun ci mu bana har mun gaji, kuma wannan aikin tirenin ne ba aikin albashi ba, ko da yunwa ana iya koya wa mutum inda zai tsaya da wanda zai riƙe. Akwai ɗan wasa ɗaya da ya nace masa ko yana kan ganiya ko ba ya kai, har yara suka fara gunaguni. Kuma yana da zuciya, ya jawo wa kansa jan kati a wasan da muke matuƙar buƙatarsa a bakin layi. Duk wannan gaskiya ne, a cikinmu ma akwai waɗanda suka ce a bar shi ya tafi, mun yi musu sosai kafin mu tsaya a kan wannan matsaya. Abin da ya raba gardamar shi ne da aka ce to a ware laifin da yake nasa zalla a ajiye gefe, a ware wanda ba nasa ba, sai aka ga nasa irin wanda ake gyarawa ne da zama da ƙarin mataimaki, ɗayan kuwa ko wa aka kawo zai tarar da shi yana jiransa. Ka ba manomi gona ba taki ba iri mai kyau, ka sayar da shanun huɗar ana tsakiyar damina, in amfani bai yi ba ai ba ka isa ka ce ka gane iyawarsa ko rashinta ba.

Mu 'yan Najeriya ya kamata a ce mun fi kowa sanin inda korar gaggawa take kai mutum, don mun sha gani. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana samo mana tikitin kofin duniya, na 2002 da na 2010, sau biyun kuma ana sallamarsa kafin a je, duk don ya zo na uku a kofin Afirka an ce bai isa ba. A 2002 aka ba Onigbinde muka dawo da maki ɗaya, a 2010 aka ɗauko Lagerback daga Suwidin da kuɗi masu yawa shi ma maki ɗaya ya kawo. Gernot Rohr an sallame shi a Disambar 2021 saura 'yan makonni a fara kofin Afirka, mutane da yawa sun yi murna har da wasunmu, wata uku bayan nan Ghana ta zo har Abuja ta yi 1-1 ta hana mu zuwa Ƙatar, shi kuma Rohr ya kai ƙara FIFA aka ce a biya shi ɗaruruwan dubban daloli. Neman tikitin 2026 kuwa koci uku suka yi shi, Peseiro ya fara, Finidi ya karɓa, Chelle ya ƙarasa, wasa huɗun farko maki uku kacal muka samu, har da kashin da Benin ta ba mu, kuma wa ke jan Benin a ranar? Rohr ɗin da muka kora.

Ku kwatanta da Westerhof. Ya zo a 1989 bai kai mu kofin duniya na 1990 ba, wasansa na farko a kofin Afirka na 1990 Aljeriya ta zuba mana 5-1, da a hannun kwamiti irin na yanzu yake da ko filin jirgi ba zai kai da aikinsa ba. Aka bar shi shekara biyar, ya ɗauko kofin Afirka a Tunisiya a 1994 ya kai mu kofin duniya na farko a Amurka, kuma a cikin yaran da ya yi aiki da su akwai Amokachi da ya fito daga Ranchers Bees nan Kaduna kusa da mu. In kun ce wannan tsohon zance ne to ga na jiya jiya, Remo Stars ta Ikenne, ƙaramin gari, sun riƙe Daniel Ogunmodede suka zo na biyu suka sake zuwa na biyu ba su ce ya gaza ba, a 2025 suka ɗauki Firimiyar Najeriya karon farko a tarihinsu. Ita kuwa Rangers ta Inugu, Imama Amapakabo ya ciyo mata lig a 2016 bayan shekara 32 tana jira, ko shekara bai ƙara ba aka sallame shi. A gidan kallona kullum sai an kawo zancen Ferguson da ya zo Manchester United a 1986 bai ɗauki kofin komai ba sai 1990, lig kuwa sai 1993, da Arteta da ya ƙare na takwas sau biyu a jere Arsenal ba ta kore shi ba. Ni ban cika son wannan misalin ba ma, don su can ana biyan albashi ranar da aka ce, haƙurin da suka yi da koci haƙuri ne a kan tsari, mu kuwa ko tsarin ba mu kafa ba tukuna.

Mun san abin da za a ce mana, don an riga an faɗa a majalisa: ai Kwaddibuwa ta kori kocinta ana tsakiyar gasa a Janairun 2024 bayan Equatorial Guinea ta ci ta 4-0, Emerse Fae ya karɓa ya zo ya doke mu 2-1 a wasan ƙarshe a Abijan. Haka ne, har yau abin yana mana ciwo. Chelsea ma ta canza koci a tsakiyar kaka a 2012 da 2021 ta ɗauki kofin zakarun Turai duka biyun. Pillars ta ci lig a 2012 da 2013 da Baba Ganaru, ya tafi Okey Emordi ya zo ya sake ci a 2014. Ba mu ce canjin koci bai taɓa amfani ba. Amma ku dubi waɗannan ƙungiyoyin, duk cikinsu akwai ƙwararrun 'yan wasa a ƙasa waɗanda aka riƙe aka biya, abin da ya rage kawai a samu mai tada su. Shin mu haka muke? Mu da muka sayar da biyun da suka fi kowa? Kuma Chelsea ɗin nan dai ita ce ta sallami Tuchel ta sallami Potter a kaka ɗaya ta ƙare ta 12 a 2023, Watford kuma ta yi koci uku a kakar 2021/22 ta faɗa duk da haka. Masu kawo misalin farko ba sa kawo na biyun.

Sannan ku yi lissafin abin da korar za ta ci. Kocin nan yana bin ku albashi, ga sauran kwantiraginsa, in kun kore shi ba ku biya ba zai kai ƙara hukumar ƙwallo kuma yana da gaskiya, ƙarshenta a hana mu rijistar sababbin 'yan wasa sai an biya. Sabon da za ku kawo, in mai lasisin CAF ne na kirki, ba zai taso ba sai ya ga kuɗi a hannu don labarinmu ya riga ya je masa, masu horarwa duk sun san juna. In kuma wanda zai yarda ya zo a bashi ne, to kun san irin wanda za ku samu. Kuma duk sabon koci da yaransa yake zuwa, zai zubar da rabin waɗanda ke nan ya kawo nasa daga inda ya fito, waɗanda za a fara zubarwa kuwa su ne yaranmu na Zariya da wannan kocin ya bi filayen makarantu da na unguwanni ya tsinto, waɗanda sai yanzu suka fara sanin kan gasar. Su ne kuma suke kawo mutane fili, don uwa da ƙanne da abokai da 'yan layi duk suna zuwa ganin nasu. Ku tambayi masu karɓar kuɗin ƙofa bambancin ranar da yaran gari suke cikin sha ɗaya da ranar da babu su.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, kuma roƙo ne na 'ya'ya ga iyaye amma muna so a amsa mana. Ku dakatar da maganar sallamar nan har sai an yi zama na gaskiya, wanda za a kira koci ya kawo rahotonsa a rubuce, a kira kyaftin da manyan 'yan wasa su yi magana ba tare da tsoron a soke sunansu ba, a sa mutum biyu ko uku daga tsofaffin 'yan ƙwallon garin nan waɗanda ba su da ɗan wasan da suke tallatawa. Kafin wannan zama ko tare da shi, a biya bashin albashi da bonas, in ba za a iya duka ba a fito a faɗi nawa ne kuma yaushe, a rubuce, a manna a sansanin 'yan wasa kowa ya gani.

Muna so a gaya mana nawa aka sayar da 'yan wasan nan biyu da inda kuɗin suka shiga, da abin da ake samu a ƙofa. Ba mu ce wani ya ci ba, amma shiru shi yake sa a yi zargi, kuma laifi tudu ne, kwamitin da zai auna koci ya kamata shi ma ya yarda a auna shi.

In zaman ya nuna a ci gaba da shi, to a ba shi kaka guda cikakkiya da sharuɗɗa a fili: ga inda ake so ya kai ƙungiya, ga abin da ku kuma kuka ɗauka za ku yi masa, ya zaɓi 'yan wasansa da kansa, a daina kiran waya ranar wasa, a daina wa'adin wasa uku a rediyo. A samo masa mataimaki da zai riƙe masa tsaron kona da firikik da mai horar da gola, a ɗauki fiziyo ko da na wucin gadi ne, ga jami'a nan a Samaru da masu karatun motsa jiki da lafiyar 'yan wasa, ba sai an je Legas ba. Duk wasan da ya wuce tafiyar awa huɗu a tafi tun ana gobe a kwana, kuma a daina tafiyar dare kwata-kwata. In an yi masa duk wannan ya sake kawo irin sakamakon bana, wallahi mu da kanmu za mu rubuto muku wata wasiƙar mu ce ya isa.

In kuma kun zauna kun ga lallai sai an rabu, to ikonku ne, amma a rabu da mutunci. A biya shi haƙƙinsa kaf kafin a sanar, a gaya masa baki da baki kar ya ji a Facebook, a faɗa wa jama'a dalili na gaskiya, sannan a naɗa sabon da wuri ya samu lokacin shiri, ba sai saura mako biyu a fara gasa ba. A kuma sa masa sharaɗin riƙe yaran gida da suka nuna kansu bana.

Mu a namu ɓangaren mun ja wa matasanmu kunne, babu mai zuwa gidan koci ko gidan wani ɗan kwamiti, babu jifa babu zagin iyaye, mun ga yadda aka ƙwace wa Pillars maki uku a 2022 saboda abin da 'yan kallo suka yi wa motar Katsina United kuma a kakar suka faɗa, ba ma so a ce Zage-zagi ne suka ja wa ƙungiyarsu irin wannan. Muna neman ku ba wakilanmu lokaci su zo su same ku kafin ranar zamanku, a ofis ko a fili bayan tirenin, duk inda ya fi muku sauƙi. Sakatare yana da lambar shugaban magoya baya.

Allah Ya ƙara girma, Ya ba mu sa'a a kaka mai zuwa. Wassalam.

Naku,
Mai gidan kallo a Tudun Wada, a madadin magoya bayan ƙungiya na Zariya da kewaye.